Hamani Ya Tafi Ya Bar Rasor a Matse

Daga Allah muka zo, ga shi Hamani ya riga mu komawa gare Shi. Ranar Talata, ɗaya ga watan Yuli na 2025, bayan azahar, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na gyaran bindigar iska da ke bayan kasuwar Filinge. Kafin a kira la'asar rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne, ciwon da ya daɗe yana ɓoye mana.

Hamani, ni ne Hamidu, taubashinka. Uwata ƙanwar ubanka ce, shi ya sa tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Yau an ce in faɗi alherinka, bakina sai nauyi yake, don bai saba ba. Amma zan faɗa, tunda ba ka nan balle ka yi mini dariya.

Bari in fara da giɓinka, tunda da shi garin nan ya san ka. A cikin kowace bindigar iska akwai rasor, murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura iska har dalma ta fita. A matse yake zaune, kuma duk wanda ya buɗe bindiga da garaje zai sha mamaki. A da, yadda masu gyara ke yi shi ne su kafa bakin bindiga a ƙasa, su danne gindinta da ƙirji, sannan su zare ƙusoshin da ke riƙe da shi. Maza har alfahari suke da wannan danniya. Haka kake yi kai ma, har ranar da rasor ya kuɓuce maka ya kwashe haƙoranka na gaba. Na zo duba ka, na ce Allah Ya ƙara, dama naman da kake ci ya yi yawa. Ka so ka rama, baki ya ƙi.

Kana warkewa ka shiga neman dabara. Ka ɓalle wani katako mai kauri daga tsohon ƙyauren gidanku, ka je Baleyara ranar kasuwa ka dawo da kirik na wata matacciyar mota, abin ɗaga mota irin wanda ake murzawa da hannu. Ka kafa kirik a ƙarshen katakon, ka kafa tokari a ɗaya ƙarshen, ka shimfiɗa robar taya inda bindiga za ta kwanta don kada ta kurje. Gwajin farko katakon ya tsage, gindin bindiga ya tashi ya faɗa cikin tukunyar mai ƙosai, aka yi ta ba ta haƙuri. Na yi mako ina ba da labarin a majalisa, ina ƙara gishiri. Ba ka kula ni ba. Ka samo icen gawo mai nauyi, ka ɗaure shi da ƙarfe, ka sake gwadawa. Wannan karon kana murza kirik, rasor yana shiga a hankali, kana kwancewa, yana fitowa a hankali, ba tsalle ba barazana. Ka sa masa suna mamatsi, sunan ya bi shi.

Ba ka ɓoye dabarar ba. Masu gyara daga Sanam da Damana sun zo sun auna da igiya sun tafi sun yi nasu, wasu ma a zaurenka suka kwana, suka ci tuwon gidanka. Da mutane suka yi ta surutu don ka zaunar da 'yarka Nasiba a shago kana koya mata, cewa ka yi aikin da ke son ƙirji ya ƙare, saura mai son hankali. Ni da kaina na ji kana hana ta tsayawa ta inda rasor ke fuskanta, kana nuna mata giɓinka a matsayin shaida.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ya kamata ka ji shi daga bakina. Ka tuna Delu, matar marigayi abokinka, wadda ke zaune a ƙauye kan hanyar Damana. Bindigar mijinta ce kaɗai abin da take kare gayaunarta da shi, ita da kanta take harbi. Ruwan shuka ya sauka, ta zuba irin gyaɗar da ta ɓoye tun kaka, wanda ta hana jikokinta ci duk da yunwar bazara. Ba ta da wani bayan shi. Sai rasor ya karye a daidai lokacin da kurege ke bin layi yana tone iri. Ta kawo maka, ka ce ta dawo jibi. Ka sa sabon rasor, ka murza mamatsi har ya matsu, saura ka mayar da ƙusoshi, sai kiran Ubangiji ya zo.

Yayanka Zaidu ya rufe shagon da kwaɗo ranar da aka kai ka, bai ko leƙa ciki ba. Ka san shi da tsoron dukiyar marayu. Ya ce ba mai taɓa ko allura sai an yi arba'in an raba gado, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Delu ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata, ta yi kukanta, ta yi sallama ta koma. Ba ta ce uffan a kan bindiga ba. Nasiba ta sani, amma wace 'ya ce za ta buɗe baki ta yi zancen shago gawar ubanta ba ta huce ba?

Sai ranar addu'ar bakwai ta ja ni gefe.

"Baba Hamidu, bindigar Inna Delu na cikin mamatsi. Ta zo ta tahi, ba ta ce komi ba."

Na sami Zaidu a tsakiyar malamai. Ya ce ba a taɓa kayan mamaci. Na ce, "Bindigar ga ta mai rai ta, Zaidu, kuma kurege bai san arba'in ba." Na zura hannu a aljihun rigarsa na zaro mabuɗi, abin da in ba taubashi ba, ba mai iya yi. Liman ya ce amana ba ta shiga gado. Zaidu ya sunkuyar da kai, ya ce wallahi bai san akwai kayan wani a ciki ba, na kuma yarda da shi.

Da muka buɗe shagon, mun tarar da komai yadda ka bar shi, har hularka a kan benci. Nasiba ta sa muka koma bayanta. Ba ta yarda ta ɗora daga inda ka tsaya ba, sai da ta kwance kirik ɗin a hankali har rasor ya saki, ta duba, ta shafa mai, ta sake matsewa, ta mayar da ƙusoshi. Na yi baƙin cikin da ba ka ga wannan ba, Hamani.

Washegari na kai wa Delu. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi maka addu'a, sannan ta ja ni zuwa gayauna. Rami ne bayan rami, da ɓawon gyaɗa a bakin kowanne. In ban da 'yan layuka kusa da bukkarta, ba abin da ya tsira. Na tambaye ta me ya hana ta magana ranar da ta zo.

"Mi zan ce, Malam Hamidu? Mutane na kukan uba, ni in ce bindigata?"

Kowa a cikinmu ya yi abin da aka koya masa, Zaidu ya tsare amana, Nasiba ta yi kunya, Delu ta yi kara, gyaɗa kuwa ta tafi. Na san da kana iya tashi, kai ne za ka fara fasa kwaɗon nan, ka kuma zage mu duka. Na baro ta zaune a gindin bukka, bindiga a kan cinya, tana gadin abin da ya saura.

Allah Ya jiƙanka, taubashina, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa gaisuwa ga matarka Habsa, da Nasiba da ƙannenta, da Zaidu, da dangi na Filinge da ƙasar Kurfai baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. 'Yan layukan da suka rage wa Delu kuma, Allah Ya sa musu albarka su kai ta kaka, Ya sa ladan a mizaninka. Amin.