Malam Aƙilu da Raƙumin Gidan Gurza

Daga Gozaki Malam Aƙilu ya zo Funtuwa yana saurayi, a zamanin da auduga ke da daraja. Dako ya fara yi a wani gidan gurzar auduga da ke kusa da layin dogo. A tsakar gidan akwai wani dogon injin ɗaga kaya mai ƙugiya, wanda ke ɗaukar dilolin auduga yana lodawa a taragun jirgi. Leburori suka sa masa suna Raƙumi saboda tsawon wuyansa. Da mai tuƙa shi ya tsufa, Aƙilu aka ɗora a kai.

A kan kujerar ƙarfen injin ya yi ƙuruciyarsa. Da kaka, motocin auduga daga Malumfashi da Danja da Bakori kan yi layi har bakin titi, shi kuwa ba ya saukowa sai salla. Wata shekara sarƙa ta tsinke ta tafi da yatsunsa biyu na hagu. Ciwon bai gama warkewa ba ya koma bakin aiki.

Sannu a hankali jirgi ya daina zuwa, manoma suka koma masara da waken suya, aka rufe gidan. Malam Aƙilu ya koma noma, amma bai rabu da Raƙumi ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya ya cire ciyawar da ta fito a gindinsa, ya shafa wa haƙoransa baƙin mai.

Bayan shekaru wani ɗan kasuwa, Alhaji Ubaidullahi, ya sayi filin zai gina rumbunan hatsi. 'Yan gwangwan suka zo da abin yankan ƙarfe, suka fara da tsofaffin injinan gurza. Da labari ya iske Malam Aƙilu, ya dogara sandarsa har wurin.

"Alhaji, alfarma na zo nema," in ji shi bayan sun gaisa, yana nuna Raƙumi. "A bar wannan a tsaye."

"Baba, me zai yi maka? Ko motsi ba ya yi."

"Ba ni zai yi wa ba, ni na kusa. Jikokina ina ba su labarin jirgi ya ɗauki audugar ƙasar nan har bakin teku, suna ganin tatsuniya nake yi. Waɗanda muka yi aikin tare duk sun kwanta dama. In aka sare shi, wa zai shaide mu?"

Alhaji ya daɗe yana kallon injin. Shi ma ɗan manomin auduga ne, ya taso yana jin ƙarar gidan gurza.

"Ku bar wannan," ya ce wa masu yankan.

Aka gina rumbunan aka kewaye Raƙumi da gajeriyar katanga, aka yi masa fenti. Malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai, Malam Aƙilu na zaune a benci yana yi musu bayani.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Bayan sadakar bakwai, 'yarsa Mansura ta je ta roƙi Alhaji a rubuta sunayen ma'aikatan gidan a jikin katangar. Ta bi unguwanni tana tambayar iyalansu. Wasu ba a samu ko wanda ya tuna sunan mahaifinsu ba, sai aka rubuta laƙabin da aka san su da shi a wurin aiki. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.