Baba Agogo, Wanda Ya Hana 'Yata Girma

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, Baba Agogo ya riga ya shige ɗakin nan mai sanyi, da rigar sanyinsa ko ana zafi kamar me. A nan babbar kwamfuta take, wadda suke kira saba, kuma daga wurinta sauran kwamfutocin asibitin ke karɓar lokaci. Aikinsa shi ne ya tabbata babu wadda ta yi gaban kanta. Yakan bi su ɗaki-ɗaki yana yi musu faɗa kamar jikokinsa: "Ke kuma ina za ki da wannan sauri?"

Ni na san shi ne ranar da matata ta haifi mace a bene, matar ƙanena ta haifi namiji a ƙasa, duk da safe ɗaya. Kwamfuta ta ce nasa ya riga tawa da 'yan mintuna. Nan take ƙanena ya fara dariya: "Yaya, sai haƙuri, 'yarka za ta ce wa ɗana Yaya."

Raina ya ɓaci sosai. Wata nas ta raɗa mini cewa agogon kwamfutar bene ba shi da gaskiya, in nemi Baba Agogo. Na same shi, na zuba masa kirari.

Ya hau bene, ya duba, ya rarrafa ƙarƙashin tebur. Ashe an zare wayar da ke haɗa kwamfutar da saba lokacin da aka matsar da teburin, ba a mayar ba, tun sannan take ƙirga lokacinta ita kaɗai. Ya fito da ƙura a gemu.

"Gaskiyarka, agogon ya kauce."

"Alhamdu lillahi!"

"Baya ya yi, ɗana. 'Yarka ta fi haka makara."

Na roƙe shi ya bar zancen tsakaninmu. Ya ce da wannan agogon ake ba jarirai magani, ba zai rufe baki ba.

Baba, kai ne ka kunyata ni a gaban ƙanena, kai ne kuma ka sa jariran bene, har da tawa, suka sha magani a kan lokaci. Wallahi ina ƙaunarka. Yanzu da za ka ajiye aiki, na gode, Allah ya saka da alheri. Masu gadonsa, ku riƙa leƙa ƙarƙashin tebur, kada kuma ku lanƙwasa lokaci don wani ya ji daɗi.

Yaran sun girma. Duk abin da suka yi rigima a kai, keke ne ko kujerar gaba a mota, hukuncin kakarsu ɗaya ne: "Kai ne babba, bar mata." Jiya ƙanena ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, Baba Agogo ba zai sake duba agogon nan ba kafin ya tafi?"