Danƙon Salatif a Wayar Turai

Duk macen da ta yi biki a Batsari cikin shekarun nan ta san Turai mai bidiyo. 'Yar Karare ce, aure ya kawo ta gari, kuma sai da ta shekara goma sha ɗaya tana yi wa amare ƙunshi kafin hannunta ya taɓa kyamara. Mijinta Armaya'u ne mai sana'ar tun asali, amma iyakarsa zaure, domin namiji ba ya shiga inda mata suke sakewa. Shi ya sa ya koya mata. Da idanunsa suka yi rauni, sai ya sallama mata kayan duka: kyamara da mariƙinta mai ƙafa uku, da makirufo, da lasifika, da doguwar wayar da ke haɗa su.

Ba don ta fi kowa iya ɗauka ake kiranta ba. Tsabta ce ta jawo mata suna. Kowace waya tana da jakarta ta atamfa, makirufo kuwa har turaren wuta take yi masa, domin a wurinta abin da za a kai bakin mutum daidai yake da kofin shan ruwa.

Wata Alhamis ƙanin mijinta Lado, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ari kayan sauti da mariƙin kyamara zai je Safana sharhin wasan ƙwallo. Ba da son ranta ba, Armaya'u ne ya sa baki. Bai dawo da su ba sai Asabar da hantsi, ranar da za ta ɗauki walimar saukar Alƙur'ani ta matan aure a makarantar Malama Zahra'u, bayan La'asar. Mata goma sha bakwai ne za su karɓi makirufon nan ɗaya bayan ɗaya, da alwalarsu da fararen hijabansu.

A buhun taki ya kawo kayan. Da ta sa hannu ta jawo wayar, sai wayar ta ƙi sakin yatsunta. Ta ɗaga ta a haske. Daga wannan baki zuwa wancan, danƙo ne baƙi ƙirin, rana ta narkar da shi, ya kwashi yashi da ƙaiƙayi da matattun kiyashi, har da wani ɓawon rake da aka tauna aka tofar.

"Lado, mene ne wannan?"

"Salatif ne, Yaya. Mutane suka yi ta tuntuɓe da wayar, sai na liƙe ta a ƙasa da jikin benci. Ai na ɓare shi duka."

"Ka ɓare ledar, ka bar mini danƙon. Wannan gashin mene ne?"

Ya leƙa. "Na akuya ne, ina jin. A filin ake kiwo."

"Warin nan fa?"

"Kananzir na ɗan goga, don in rage maki aiki."

"Allah ya shirye ka. Wallahi ina tausayin matarka."

"Ita ba ta yi wa ƙarfe turare, shi ya sa muke zaune lafiya," in ji shi, ya hau babur ɗinsa yana dariya.

Kananzir ɗin bai cire kome ba, sai dai ya shimfiɗa ƙazantar inda ba ta kai ba. Sabulu kaɗai ba zai yi ba, ta sani, kankarewa da reza kuma yanka robar waya ne. Abin da ta koya a ƙunshi ta koma wa. Mai ƙunshi da salatif take fitar da zane a ƙafar amarya, in an ɓare kuma danƙo yakan zauna a fata, ba a gurzarsa, mai ake shafa masa ya saki don kansa.

Ta ɗaure wayar daga turmi zuwa ƙofar ɗaki, ta zuba man gyaɗa a murfin kwano, ta yayyaga tsohon zane. Taƙi ɗaya take ɗauka: ta shafa mai, ta jira kaɗan, ta ja tsumma gefe guda. Danƙon ya riƙa taruwa dunƙule-dunƙule kamar majina, tana kawar da kai tana tsaki. Sannan ta bi da tsumman ruwan ɗumi da sabulu, matsattse sosai, ba ta bari ya kusanci ƙarafan baki ba. Sau biyu take bi, domin in ƙanshin mai ya saura, ɓeraye ne za su ƙarasa wayar. Haka ta yi wa ƙafafun mariƙin, inda Lado ya naɗe makirufo da salatif kamar mai ɗaurin karaya.

Soson da ke kan makirufo ne ya fi kome ƙazanta. Ya yi jawur da yawun goro, ya bushe ya yi tauri. Da tsinke ta zare shi ta jefa a murhu, ta yanko ƙyallen sabuwar safa baƙa ta ɗinka masa wani. Tana tsinke zaren aka kira La'asar.

A makaranta ta kafa kyamara, ta miƙa wa Malama Zahra'u makirufo, Malama ta karɓa ta buɗe da addu'a. Turai ta durƙusa za ta saki waya don ɗaliba ta farko, sai tafin hannunta ya ji danƙo. Wuri guda ya tsere mata, inda ƙullin jikin turmi ya ɓoye, kamu ɗaya daga makirufo, daidai inda zai goga ƙirjin farin hijabi. Babu mai, babu tsumma, an riga an yi shiru.

Sai ta dunƙule hannunta a kan wurin. Makirufo ya bar wannan hannu zuwa wancan, ita kuma tana binsa a durƙushe, danƙon yana ɗumi yana narkewa cikin guminta.

"Turai, saki mana, ai ba gudu za mu yi da shi ba," in ji Malama a hankali.

"Wayar ce da gardama, Malama, sai an riƙe ta."

Kyamara ta tsaya wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, abin da Turai ba ta taɓa bari ya faru ba. Amma mata goma sha bakwai suka karanta suka zauna, babu hijabin da ya yi ɗigo.

Da aka shafa addu'a, ta naɗe wayar da sauri ta cusa a jaka. Mata suka taso gaishe ta. Ta lulluɓe hannunta na dama da gefen mayafi, ta riƙa miƙa musu tsintsiyar hannu, idonta yana neman inda aka ajiye buta.