Likitar da Ta Ajiye Jinin Ɗana Shekara Ashirin da Ɗaya

Ƙarfe bakwai saura kwata takan sauka daga motar haya a bakin asibiti, da jaka ɗaya da flas ɗin shayi. Ba ta bin babbar ƙofar da likitoci ke bi ana rusuna musu. Matakala take bi ta gangara ƙasa, ta wuce ɗakin wanki, ta wuce inda ake jibge karyayyun gadaje, har ɗaki na ƙarshe, wanda ba shi da taga. Kafin ta ajiye jaka sai ta duba sanyin firiza uku, ta rubuta a littafi, sannan ta sa farar riga ta zauna gaban madubin likita. Haka ta yi shekara talatin da biyu, zuwa ƙarshen watan jiya da ta ajiye aiki. Ma'aikatan sama Uwar Sanyi suke ce mata, rabinsu kuwa ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Aikinta binciken garkuwar jiki ne. Ni malamin tarihi ne a sakandare, don haka kada a tambaye ni da yawa. Sau uku ta yi mini bayani, a na ukun ta dube ni kamar yadda nake duban ɗaliban bencin baya, ta ce, "Malam, jini yana da sojoji. Wasu yara ana haihuwarsu babu wata runduna. Ita nake nema." Na ce to da tun farko haka kika ce.

Wannan neman ta sa a gaba. Ta yi shekaru kan tarin fuka, tana son gane abin da ya sa mutum biyu za su kwana ɗaki ɗaya da mai cutar, ɗaya ya kamu, ɗaya ko atishawa. Ta rubuta takardun bincike da dama. Na tambaye ta mutum nawa suka karanta. Ta ce, "Ta ƙarshen, goma sha ɗaya. Uku daga ciki ni ce."

Mai gyaran wutar asibitin ya ba ni labarin ranar da janareto ya mutu da tsakar rana. Ya ce, "Yallaɓai, matar nan ta tsare ni a matakala ta ce minti nawa. Na ce sai dai gobe. Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Kawai ta kwashe akwatunanta, muka yi ta jigila zuwa kamfanin ƙanƙara, sawu bakwai. Ta zauna kan bokiti a ƙofar ɗakin sanyinsu tana gadi kamar an ba ta ajiyar zinariya."

Abin da ke cikin akwatunan shi ya kawo ni rubutun nan. Tana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa ta. Duk yaron da ciwo ya yi ta kayarwa har ya rasu ba a gano dalili ba, takan roƙi iyaye ta ajiye ɗan jininsa a 'yar kwalba, ta manna lamba. In an samu sabon gwaji, ko bayan shekara nawa ne, sai ta ciro kwalaben ta sake tambayarsu. In ta samu amsa, ta nemi iyayen ta gaya musu.

Ɗana yana cikinsu. Wata goma sha huɗu ya yi a duniya. Daga wata bakwai ya fara: kunne, ƙirji, kunne, ƙirji. Ciwon ƙarshe kuwa ni na kawo shi gida. Mura na kwaso a makaranta, uwarsa ta ce kada in ɗauke shi, na ce haba, mura ce kawai. Kwana tara ciwon huhu ya tafi da shi. Na tuna wata mata mai farar riga ta miƙo mini takarda na sa hannu, ban ma dubi fuskarta ba. Ni da uwarsa ba mu taɓa yin faɗa a kan maganar ba. Shiru muka yi ta yi, har shirun ya raba mu bayan shekara biyu. Na koma ɗaki ɗaya da rediyo, kuma sai in ce rediyon ya yi haƙuri da ni.

Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, masinjan makaranta ya leƙo aji ya ce ana nemana a waya a ofis. Likitar ce. Ta same ni cikin sauƙi, domin ina nan inda ta bar ni, aji ɗaya, kujera ɗaya. Rashin ci gaba ma yana da ranarsa.

"Kai ne baban ɗari huɗu da sha biyu?"

"Baban wa?"

"Yi haƙuri, lambar kwalba ce. Yaron da ya rasu da ciwon huhu."

Na nemi kujera. Ta ce an haife shi ba tare da sojojin da ke ƙera maganin ƙwayoyin cuta ba. Na uwarsa ne suka riƙe shi watannin farko, da suka ƙare ya zama gida ba ƙofa.

Na ce, "Likita, ni na shafa masa mura."

Ta ce, "Da ba taka ba, da ta maƙwabci ce, ko ta mai kanti. Ba kai ba ne. Ba uwarsa ba ce. Gado ne, kamar tsayi." Ba ta ba ni ko minti ɗaya in yi kuka a mutunce ba, ta ɗora: "Yana da 'yar'uwa?"

"Yayarsa. Bara aka yi mata aure."

"Kawo ta gobe. Mata ke ɗauke da abin, maza yake kayarwa."

Ranar na kira uwarsa, karon farko cikin shekaru. Na faɗa mata duka. Ta ce, "To." Ta kashe waya. Ban ga laifinta ba.

Gwaji ya nuna 'yata tana ɗauke da shi. Da ta samu ciki aka ce namiji ne, ta zo ɗakina ta zauna bakin katifa ta ce, "Baba, shi ma haka zai yi?" Ni da nake cika yara da surutun daulolin da suka shuɗe, wannan ba ta cikin littafina. Na ce mu je ƙasa wurin Likita.

Ba ta lallashe ta ba, ba ta iya ba. Ta ce, "'Yata, rabi da rabi ne. In ya zo da shi, wannan karon mun riga shi isowa." Ranar haihuwa ta hau sama da kanta, da 'yar kwalbarta a aljihu. Wata nas ta ce mini shekararta goma a wurin, ranar ta fara ganin Uwar Sanyi a ɗakin haihuwa, har ta tambaye ta wa take nema.

Ya zo da shi. Tun kafin sojojin uwarsa su ƙare a jikinsa aka fara yi masa ƙarin ruwa mai ɗauke da abin da jikinsa ba ya ƙerawa, duk bayan mako huɗu. Yanzu shekararsa biyu da wata uku. Ya girmi kawunsa. Ya fasa mini tabarau biyu.

Likita, ke ce mai tambayar da ba ta gajiya. Ke ce kika zauna da 'ya'yan mutane a ɗaki mara taga bayan mu iyayensu mun daina ambaton su don mu iya tashi da safe. Ba ki warkar da ɗana ba, kuma ba ki taɓa cewa za ki iya ba. Kin dai ƙi yarda a rufe maganarsa da "ba a sani ba".

An yi mata walimar sallama a ɗakin taro. Na ƙirga kujeru sittin, mutane goma sha huɗu, har da ni da mai gyaran wuta. Shugaban sashe ya yi jawabi mai daɗi, ya ɗan kuskure yawan shekarunta na aiki, ba ta gyara masa ba. Na ɗora mata jikana a cinya. Ta riƙe shi a sandare, kamar tire cike da kofuna, ta ce, "Malam, karɓe shi kar ya faɗi. Ni a kwalba na san su."

Na gode, Likita. 'Yata ta gode. Uwar ɗana ma ta aiko in faɗa miki, kuma ita ba mai aike ba ce. Allah Ya ba ki hutun da ba na jin kin san yadda ake yin sa.

Ku kuma matasan da ke karatun likita, na san sama ta fi haske, can ake ganin mutum a gode masa. Amma akwai kwalabe sittin da uku a ƙasa da ba a amsa musu ba, kuma kowace tana da uba irina a wani wuri, yana zaune da laifin da wataƙila ba nasa ba ne. Har yau ba a samu wanda ya karɓi ɗakin ba. Mutum ɗaya ake nema, mai haƙuri, wanda zama shi kaɗai ba ya ba shi tsoro.

Da aka watse na raka ta bakin titi, na riƙe mata kwalin littattafanta. Na shirya kalamai tun daga gida, har na yi gwajinsu gaban madubi. Mota ta tsaya, na buɗe baki, ta riga ni.

"Yaushe ne ƙarin ruwansa na gaba?"

"Talata."

"Kar ku makara," ta ce, ta karɓi kwalinta ta shiga.