Makulli a Cikin Firji

Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar sauti a fim, har sunansa na yanka ya ɓace. A-yi-shiru kowa yake ce masa, domin duk fitowar da aka gama ɗauka, kafin wani ya motsa, sai ya ɗaga hannu ya roƙi shiru na minti ɗaya, ya naɗi sautin ɗakin shi kaɗai. Cewa yake kowane ɗaki da irin numfashinsa, kuma da shi ake ɗinke ɓaraka wajen tace fim. 'Yan wasa su yi ta harararsa suna gumi, don ko fanka ba ya bari.

A shagon kawunsa mai gyaran rediyo ya koyi saurare. Daga nan ya yi shekara bakwai yana ɗage da sandar makirufo sama da kawunan mutane, kafin ya samu kujera da hedifon. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk gidan da aka ara, firji yake fara nema, ya zare shi daga wuta saboda gurnaninsa, ya jefa makullin babur ɗinsa a ciki. Ta haka ba zai iya tafiya gida ya bar kayan mutane su lalace ba.

Lambar yabon da ya ci, a wani fim ne da kusan babu magana, sai takun wata tsohuwa da kukan ƙofa. Wani gilashi ne mai nauyi. Yanzu maiɗakinsa da shi take danne takardun asibiti, don kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma ya kama hanya. Ita kaɗai ta sani.

"Malam, ka faɗa wa abokan aikinka da bakinka tun kafin su faɗa maka," in ji ta.

Ya ce bari a gama wannan fim ɗin. Fim uku ke nan yana faɗin haka. A wurin aiki allurar na'urar da ke nuna ƙarfin sauti yake bi da ido, yana gyaɗa kai kamar mai ji. Ya gaji da gyaɗa kan.

Ran nan, a falon wani gida, aka ɗauki fitowa mai wuya, wadda 'yar wasan ta yi kuka na gaske. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit, minti ya cika, ya ce ya yi. Babu wanda ya motsa. Darakta ya sunkuyar da kai yana duba takarda. Sai Dogo, mai riƙe masa sanda shekara goma sha takwas, wanda kullum yake tsokanarsa wai ko tafiyar tururuwa yana ji, ya matso ta damansa.

"Yaya," ya ce a hankali, "makullinka na aljihunka."

Ya shafa, ya ji shi. Ya leƙa ɗakin girki, ga firji yana ta aiki, ya ɗora tafin hannu a kai ya ji yana rawa. Ashe tun safe yake gurnani a cikin duk abin da aka ɗauka, kowa na ji, kunya ta hana a faɗa.

Da ma mantuwa ce kawai, da da sauƙi, amma shi ko kaɗan bai ji gurnanin ba. Ya zare wayar, ya jefa makullin ciki, ya dawo falo. Ya ba 'yar wasan haƙuri, ya ce sai ta sake kukan. Sannan ya cire hedifon ya rataya wa Dogo a wuya.

"Zauna. Ni ba na ji."

Dogo ya tsaya yana inda-inda, wai kujerar ta fi ƙarfinsa.

"Da tsayin naka ba ka gaji da tsayuwa ba? Kawo sandar."

Ta fi yadda ya san ta nauyi. Ya ɗaga ta sama, kafaɗunsa na ƙara, ya zuba wa bakin Dogo ido don ya ga lokacin da zai ce a yi shiru.