Zakaran da Kaka Ta Hana a Yanka

Duk sanda na ji ɗan zakara yana koyon cara, muryar na tsinkewa a tsakiya, sai hankalina ya koma gidanmu na bakin ruwa a ƙasar Yawuri, wurin kakata ta wajen uba.

Kaka tana da kaji wake-wake, masu ratsin fari da baƙi, kuma ba ta haɗa su da komai. Irin mahaifiyarta ne. Da aka tashe su daga tsohon ƙauye saboda madatsar Kainji, kajin nan ta rungumo a kwando. Gidan da aka haife ta da kabarin mahaifiyarta duk suna ƙarƙashin ruwa, kajin kaɗai suka rage mata.

Wata shekara ciwon kaji ya shigo mana. Ka tashi da safe ka iske su a akurki sun murɗe wuya. Kafin mu farga an share gidan tas. Kaka ba ta yi kuka ba, amma ta daina fitowa tsakar gida da hantsi. Wallahi shirun nan ya fi kuka ciwo.

Kaza guda ta tsira, wadda Kaka ta taɓa ba gwaggona mai aure a wajen Wara, kazar ma ta tsufa. Da labari ya zo cewa ta ƙyanƙyashe, muka shiga kwale-kwale ni da Kaka. Mun iske 'yan tsakin duk baƙaƙe, ubansu kuwa wani jan zakara ne na gidan. Gwaggo ta ce a ɗauki biyu. Ni da rawar kaina na nuna masu ɗigon fari a ka, na ce ai su ne za su zama kaji irin uwarsu.

Kaka ta ɗora ɗaya a tafin hannu. "Mai ɗigo namiji na," ta ce. "Wadda babu ɗigo ita ta mace."

Kai! Tsakon da bai fid da zanko ba, bai yi jela ba? Mu yara mun san sai zanko ya yi ja, ƙafa ta yi kauri, gashin wuya ya yi tsini, sannan ake gane zakara. A hanya ta yi mini bayani: in jan zakara ya bi kaza wake-wake, ratsin uwa kan 'ya'ya maza yake sauka, matan ba sa samu. In kana son ratsin ya dawo jikin mace, sai ka raini ɗan, shi zai ba ɗiyansa. Shi ya sa ta ɗauko mace guda, namiji guda.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, magana ta tabbata. Mai ɗigon ya rikiɗe ya zama wake-wake sak, ya soma cara. Ɗayar ta tashi baƙar kaza mai jan wuya. Na riƙa kallon Kaka da wani irin tsoro-tsoro, ina ganin tana hango abin da ke cikin ƙwai.

Ana nan sai Baba ya yi babban baƙo daga Shanga. A wurinmu ba a yanka wa baƙo kaza mai shirin ƙwai, zakara ake kamawa, kuma a gidan babu wani sai wake-waken Kaka. Baba ya wasa wuƙa, mahaifiyata ta ɗora ruwan fige shi. Shi kaɗai ya rage mai ratsin, domin tsohuwar kazar gwaggo ta riga ta mutu. Kaka ta fito, ta karɓi zakaran daga hannun ɗanta, ta zauna ta lulluɓe shi da mayafi.

"Inna, kunya za ki ba ni?" in ji Baba.

"Kunyar ta zauna kaina. A yi wa baƙo miyar kifi."

Kifi ga mutumin Shanga, wanda shi ma da shi ya kwana ya tashi! Baba ya daɗe bai saki fuska ba.

Da lokacin girbi ya yi, an gama yankan shinkafa, baƙar kazar ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe. Wasu da ɗigo, wasu babu. Kaka ta ce wannan karon ɗigo ba zai faɗa mana komai ba, tunda daga uba ya zo, sai haƙuri. Muka yi ta tsaron shirwa har gashi ya fito. Cikin masu ratsin akwai wata mai ƙaramin zanko, mai zagayayyen gashin wuya. Mace ce.

Kaka ta riƙe ta. Ta daɗe tana dubanta, sannan ta juyo ta dube ni. "Ke ma haka kika zo mini," ta ce. "Fuskar innata ce, ɗana ya kawo mini ita." Ba ta taɓa gaya mini ba sai ranar, kuma ban san sanda hawaye suka zubo mini ba.

Yau a kwali nake sayen 'yan tsaki, farare fat, ba wanda ya san uwarsu balle kakarsu, kuma ba ma barin su su kai ga haihuwa. Kajin Kaka sun ƙare bayan rasuwarta. Yanzu ɗana na fari matarsa na da tsohon ciki. Kowa na yi musu fatan namiji, ni kuwa a ɓoye nake roƙon Allah ya sa mace ce, in ga fuskar wa za ta kawo mini.