Bindigar da na soke cikin jinkar rumbu

Jandarma ya ɗora bindigar bisa tebur, sai ƙanena Habu ya taka mini ƙafa, wai in yi shiru.

An kira mu tsoffin maharba zuwa garin Agiye ne mu duba ta. Da ita aka tare wani ɗan kabu-kabu a hanyar Gazawa, aka harbe shi a cinya, aka tafi da babur ɗinshi. Cikin gona aka tsince ta.

Ta babanmu ce, ni na gaje ta. Fatar da ke naɗe a gindinta ni na ɗinka. Cikin jinkar rumbu nake soke ta, yadda iyayenmu ke yi. Bayan girbi na nema na rasa, kunya ta hana ni faɗa: a ce an sace wa maharbi bindiga?

Jandarman ya ce, "Baba, ka san ta? In taka ce, bincike zai hau kanka."

Habu ya ce, "Tsoho ne, idonshi ya mutu."

Na ce, "Idon ya ga ƙafarka bisa tawa, Habu. Tawa ce. Rubuta, ɗana. Mutum huɗu suka taya ni sabunta jinkar, su kaɗai suka san wurin."

Ɗaya cikinsu ɗan Habu ne. Sunanshi na fara faɗa.

Yau kwana uku Habu bai gaishe ni ba. Ko rufe ni za a yi, ba na janyewa. Shiruna ya riga ya kwantar da bawan Allah a likita, ba zan ƙara mishi da ƙarya ba.

Ku da kuke da ƙanne, da me za ku ce wa jandarman?